Zanen Aro a Ɗakin Jarrabawa

Ɗana, ɗiyata, ku da kuke zaune a azuzuwan koleji da lise na Dakoro, ku da BEPC ko Bak ke jira a ƙarshen shekara, akwai wata sa'a da kowannenku ya sani. Muse ya juya baya ya rubuta jigo a allo, ya ce a kawo masa ranar Litinin. Wannan makon tambayar ita ce ko fasaha tana 'yantar da ɗan Adam ko bautar da shi take yi. Mako mai zuwa a ce ku tattauna ko doka da adalci abu ɗaya ne. Can gaba a tambaye ku aikin marubuci a cikin al'ummarsa, ko amfanin tarihi ga wanda bai ga zamanin ba. Jigogin ba su kama da juna, kuma suna zuwa da Faransanci mai nauyi, kamar an tsara su don yaron da ya tashi a garin da ke da ɗakin karatu a kowace unguwa. Sai zuciya ta raya maka cewa wannan magana ba tamu ba ce, amsarta tana can wani wuri, a je a nemo. Kafin isha'i an samo ta a salula. Wani ya turo a rukunin WhatsApp na aji, ko an kwafo daga intanet, ko an tambayi ChatGPT ya zubo shafi biyu cikin ƙiftawar ido. A kwafe da kyakkyawan rubutu, a ja layi da jan biro, a miƙa.

Ba lalaci kaɗai ke kawo wannan ba, kuma duk wanda ya ce lalaci ne bai dubi rayuwarku da kyau ba. Da yawanku daga ƙauye kuka zo, kuna zaune gidan wani, kuna ɗibar ruwa da safe kafin ku tafi lakwal, kuna karatu da fitilar salula in wuta ta ɗauke. Littafi ɗaya yakan zaga hannu goma. Mai irin wannan nauyi in ya ga gajeriyar hanya dole ransa ya biya. Sai dai ina so ku dubi inda hanyar take kaiwa, domin an ga ƙarshenta sau da yawa. Malamin da ya karanta takarda 60 a dare ɗaya ba ya buƙatar na'ura kafin ya gane cewa goma daga ciki da gabatarwa ɗaya suka fara, da sunan bature ɗaya, har da kuskure ɗaya. Ko da ya kau da kai ya ba da maki, akwai ranar da ba a shiga da salula. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ranar nan jigon zai zo da ɗan sauyi, kalma ɗaya ta canza, tambayar ta karkata wani gefe, sai wanda ya haddace amsar wani ya zuba ta yadda take, domin ba shi da wata. Mai gyara ya rubuta a gefe cewa an fita daga jigo, makin ya kasa kai 10 bisa 20, shekara guda ta tafi. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ya fi gazawa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ku fara da tambayar kanku dalilin da ya sa ake ba ku wannan aiki tun farko. Ba don Muse bai san amsa ba ne, ba kuma don duniya tana ƙarancin rubutu kan fasaha ba. Disertasiyon horo ne na auna magana: a ba ka zance, ka juya shi, ka ga inda yake da ƙarfi da inda yake yoyo, ka kawo shaida, sannan ka tsaya a wani wuri da ƙafarka. Tsarin nan da ake koya muku, ka kawo ra'ayi, ka kawo kishiyarsa, ka haɗa su ka fitar da matsaya, ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shi ake yi a ƙofar fadar sarki duk lokacin da shanu suka shiga gona. Manomi ya faɗi nasa, makiyayi ya faɗi nasa, a tura mutane su je su ga ɓarnar da idonsu, a tambayi ko an riga an saki gonaki ko ba a saka ba, a duba ko gonar ce ta ci burtali, sannan a yanke. Dattijon da ya iya wannan zama ya iya disertasiyon ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Abin da nake so ku riƙe ke nan: jigon yana iya zuwa daga nesa, amma shaidar da za ta sa takardarka ta zama taka, mafi yawanta tana tsakanin ƙofar gidanku da kasuwa.

Ɗauki tambayar doka da adalci, wadda ɗalibai ke gudu saboda suna ganin ta manyan masana ce. Ƙasar Dakoro tana zaune a kan ɗaya daga cikin misalan da suka fi kowane kyau a Nijar. A ranar 26 ga Mayun 1961, ƙasa ba ta cika shekara ɗaya da samun 'yanci ba, aka kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa. Kudu da layin ƙasar noma ce, arewa da shi ƙasar kiwo, ba a yarda a share sabuwar gona a can ba, kuma in dabba ta ci shukar da aka yi a can babu diyya. A wannan yanki kwarin Tarka ake ɗauka a matsayin iyakar. Dokar tana da hujja: ruwan sama a arewa bai isa a dogara da shi don hatsi ba, kuma makiyayi yana buƙatar fili da ba shinge domin ya bi ciyawa inda ta fito. To amma mutane sun ƙaru, ƙasar kudu ta gaji kuma ta rarrabu tsakanin magada, farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi har wasu makiyayan da kansu suka koma noma. Gonaki suka haura layin, shekara bayan shekara. Yanzu ka tsaya ka auna. Magidancin da ya haura Tarka ya share gona don 'ya'yansa kada su kwana da yunwa ya karya doka, shin ya yi zalunci? Bafulatanin da ya dawo daga arewa ya tarar da hatsi a hanyar da kakansa ke bi zuwa rijiya, doka tana bayansa, amma wa zai tsaya masa? In dokar da ke kan takarda ba ta aiki a ƙasa, laifin dokar ne ko na masu riƙe da ita? Duk wanda ya zauna da waɗannan tambayoyi na awa ɗaya ya shiga tsakiyar falsafar doka, kuma ya shiga da abin da ya sani.

Maganar ba ta wasa ba ce, kuma jihar Maradi ta san farashinta. A ƙarshen Oktoban 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, ya ci rayuka sama da 100, mafi yawansu mata da yaran Fulani. Bayan haka, a watan Maris na 1993, aka fitar da ƙa'idojin dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da ake kira Kofo, masu shata burtali da rubuta shaidar mallakar gona. A 2010 aka ƙara da dokar kiwo, wadda ta amince cewa yawon makiyayi da dabbobinsa haƙƙi ne. Ɗalibin da ya jera waɗannan ya nuna yadda al'umma ke gyara dokarta bayan ta ga jini, sannan ya tambayi ko gyaran ya isa, ya fi ƙarfin wanda ya kwafo sakin layi uku kan wani birnin Girka da bai san ko a ina yake ba. In kuma jigon ya karkata ga ɗabi'a da taimakon juna, ga habbanaye na Fulani a gabanku: wanda ya rasa garkensa a ba shi aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Babu takarda, babu ɗan sanda, amma ana cikawa. Me ke sa mutum ya cika alkawarin da babu mai tilasta masa? Wannan ita ce tambayar da manyan littattafan ɗabi'a suka daɗe suna kokawa da ita, ga ta tana tafiya da ƙafa huɗu a dajin Bermo.

Haka abin yake ga fasaha. Yawancin takardun da ake kwafowa suna magana kan bam ɗin nukiliya da mutum-mutumi, abubuwan da ɗalibi bai taɓa gani ba, shi ya sa rubutun ke fitowa ba gishiri. Ga rijiya kuwa kowa ya sani. A ƙasar kiwo rijiyar gargajiya tana da mai ita, wanda ya haƙa ko ya gada, kuma baƙo sai ya nemi izini kafin ya shayar. Ta wannan hanya mai rijiya ke iyakance yawan dabbobin da ke cin ciyawar kewaye. Da gwamnati ta haƙa manyan rijiyoyin burtsatse masu inji, ruwa ya samu ga kowa ba tare da jan guga ba, wahala ta ragu ƙwarai, amma garkuna suka taru wuri ɗaya har ƙasar da ke kewaye ta zama fako, kuma tsohon tsarin neman izini ya raunana. Inji ya 'yantar da hannu daga igiya, ya kuma kwance wani ƙulli da ke riƙe da daji. Ga ra'ayi, ga kishiyarsa, duka a bakin rijiya ɗaya. Salular da ke aljihunka ma an yi nazarinta a nan ƙasar. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar a shekarun da layin salula ke shiga gari bayan gari, daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa yana iya tambayar kuɗin tiya a wani gari kafin ya ɗora buhu a mota. Wannan shaida ce mai lamba, kuma kana iya gwada ta da tambayar duk wani mai sayen hatsi da ya yi sana'ar kafin zuwan salula.

Sai kuma abin da na fi so ku sani, domin yana rushe tunanin cewa fasaha sai abin da aka sauke daga jirgi. A farkon shekarun 1980 an kashe kuɗi mai yawa wajen dasa itatuwa a jihar Maradi, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In aka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka datse sauran, itacen zai tashi da kansa. Manoma suka karɓa, suka gyara shi yadda ya dace da gonakinsu, suka sa masa suna sassaben zamani. Bayan shekara 20 da wani abu, hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, wajen itace miliyan 200, gawo da kalgo da aduwa da sauransu. Kayan aikin duka wuƙa ce da gatari. Masana daga ƙasashe da yawa suna zuwa su ga wannan abu su rubuta littattafai a kansa, ɗan manomin da ya yi aikin kuma yana zaune a aji yana ganin ba shi da misalin da zai kawo kan ci-gaba.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Mai gyaran takardar Bak yana jiran ya ga sunayen da ke cikin manhaja, Descartes da Rousseau da Kant, in jigon adabi ne ya ga Senghor ko Cheikh Hamidou Kane ko Mariama Bâ. In ka cika takarda da Tarka da habbanaye ba ka ambaci kowa ba, zai ce ba ka yi karatu ba. Gaskiya ne, kuma ban ce ku ajiye su ba. Ku karanta su iyakar abin da hannunku ya kai, ku san abin da kowannensu ya tsaya a kai. Abin lura shi ne yadda ake amfani da su. Sunan masani a takarda kamar shaida ne a gaban alƙali: ana kiransa ne don ya ƙarfafa wata magana da ake kan yi, ba a tara shaidu goma a tsakar fada alhali babu ƙara. Rousseau ya yi dogon bayani kan yadda shinge gona da cewa tawa ce ya zama tushen rashin daidaito tsakanin mutane. Wanda ya haddace wannan kawai zai rubuta layi biyu ya tsaya. Wanda ya ga gona ta cinye burtali zai iya cewa ga inda maganar ta yi daidai, ga kuma inda ta gaza, domin manomin da ya yi shingen shi ma talaka ne mai neman abin kai wa baki. Mai gyara ya gaji da ganin suna ba tunani. In ya ci karo da takardar da ta sa masanin Turai da dattijon Kornaka suka zauna kan tabarma ɗaya suna muhawara, zai san cewa akwai mutum a bayan alƙalamin.

Wasu kuma za su ce na'urar ta fi mu iya Faransanci, ta fi mu sanin komai, ina amfanin wahala? Ta fi ku saurin jera kalmomi, wannan babu musu. Amma ku san yadda take aiki. ChatGPT, wanda aka fitar a Nuwamban 2022, da sauran irinsa na ƙirƙirarriyar basira, an ciyar da su rubutu mai ɗimbin yawa, suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Inda rubutu ya yi yawa, kamar tarihin Faransa, sukan yi daidai sau da yawa. Inda rubutu ya yi ƙaranci, kamar tarihin Birnin Lalle ko Soli Tagiris, ba sa yin shiru, sai su cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, da murya ɗaya da wadda suke faɗin gaskiyar. A Yunin 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5,000 saboda sun miƙa mata takarda mai ɗauke da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, na'urar ce ta ƙago su har da sunaye da lambobi. In ƙwararrun lauyoyi sun faɗa wannan rami, ɗalibin tarminal ya yi hattara. Ban ce haramun ne ku taɓa ta ba. Ka rubuta naka tukuna, da kuskurensa, sannan ka tambaye ta ma'anar kalmar da ta shige maka duhu ko ta nuna maka inda nahawunka ya karkace, ka kuma binciki duk shekara da sunan da ta ba ka. Amma in ita ta yi tunanin kai ka kwafe, ka zama kamar wanda ya biya wani ya yi masa atisayen gudu, ranar tsere kuma ƙafarsa ce za ta shiga fili.

Akwai kuma wani abu da ya wuce maki. Wanda ya saba tun yana shekara 16 da sa sunansa a kan aikin da ba nasa ba, hannunsa yana koyon wani abu da zai bi shi har ofis. Gobe shi ne malamin asibitin da zai cike rajistar rigakafi da alluran da ba a yi ba, ko ma'aikacin gona da zai rubuta rahoton damina bai taka gona ba. A ƙasar da ake raba agajin abinci bisa irin waɗannan rahotanni, ƙaryar takarda tana iya zama yunwar wani ƙauye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma aikin gida na ranar Litinin yana cikin wuraren da ake tanƙwarawar ba tare da kowa ya lura ba.

Tarihi shi ne inda kuka fi kowa arziki kuma kuka fi yin sakaci. Garin Dakoro kansa sabo ne, a 1947 Faransawa suka kafa shi a matsayin mazaunin mulki. Amma kusa da shi ga Birnin Lalle, inda Gobirawa suka yi babban birninsu bayan sun gangaro daga Azbin, kafin su ƙara yin kudu har su kafa Alƙalawa, wadda ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, sannan daga baya aka kafa Tsibiri. Ɗalibi zai iya zana taswirar yaƙin duniya na biyu da ka, amma bai taɓa tambayar yadda aka yi masarauta guda ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin ƙarnuka, ko me ya tura ta, alhali ya sha wucewa ta wurin a kan babur. Ga kuma yunwa, wadda mutanenmu ke ba kowacce suna don kada a manta. Ta 1984 ana kiranta El-Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa. Sunan kaɗai darasi ne: mutane sun gane cewa ba rashin ruwa kaɗai ke kawo yunwa ba, har da shawarar masu mulki. Masanin tarihi Boureima Alpha Gado ya rubuta littafi guda kan yunwoyin Sahel a 1993, kuma irin waɗannan sunaye suna cikin abin da ya yi aiki da su. A 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, jihar Maradi ce ta fi cika da cibiyoyin kula da yara masu tamowa, har da nan Dakoro, alhali akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Amartya Sen, ɗan Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998, ya yi suna ne da nuna cewa ana iya mutuwa da yunwa abinci na jibge a rumbun wani. Iyayenku sun ga wannan da idonsu, suna iya ba ku labarinsa da farashin tiya na kowane wata.

Za a ce maganar tsofaffi ba abin dogaro ba ce, kowa yana gyara labari ya fifita gidansu, shekaru suna cakuɗewa. Haka ne. Takardar bature ma haka take, kwamandan da ya rubuta rahoto zuwa Zinder ko Yamai yana da abin da yake son a ji da abin da yake ɓoyewa. Aikin mai tarihi shi ne ya ji daga baki biyu ko uku, ya gwada da abin da aka rubuta, ya faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu. Dubi Sarauniyar Lugu. A Afrilun 1899 ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine, rundunar da ta ƙone garuruwa ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, har tafiyar Voulet da Chanoine ta ƙare a nan jiharmu, inda aka harbe Kanar Klobb, wanda aka turo ya tsayar da su, a Dankori ranar 14 ga Yuli, sojojin suka juya suka kashe shugabannin biyu a wajen Maijirgi cikin kwanakin da suka biyo. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Sarauniyar littafin ta fi ta rahoton Faransawa girma nesa ba kusa ba, kuma ta bambanta da wadda mutanen Lugu ke ba da labari. Mamani ya yi ƙarya ke nan, ko ya yi aikin marubuci, wato ya ba al'umma gwarzuwar da take buƙata? Ina iyakar 'yancin mai ƙaga labari in ya taɓa mutanen da suka rayu da gaske? Duk jigon da aka ba ku kan adabi da gaskiya, wannan misali ɗaya zai ɗauke ku daga gabatarwa har kammalawa.

Saura maganar harshe, wadda ita ce ainihin abin da ke tura da yawanku ga kwafe. Kuna da abin faɗi, Faransancin ne ke maƙalewa. Shawarata ita ce ku raba aikin biyu. Ka fara juya jigon da harshen da kake mafarki da shi, Hausa ko Fulatanci ko Tamajak, ka faɗa wa abokinka da baki abin da tambayar ke nema da abin da kai ka gani. In ba ka iya faɗinsa da Hausa a cikin jimla uku ba, to ba Faransanci ne matsalarka ba, ba ka gane tambayar ba tukuna. In ka iya, sai ka sa shi cikin Faransanci mai sauƙi, gajerun jimloli da ka tabbatar da su. Jimla mai sauƙi da ke ɗauke da tunani ta fi doguwa mai ƙyalli da ba ka san ma'anar rabinta ba. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko me wannan zai haifar a makarantu nan gaba, za a buƙaci mutanen da suka iya tunani mai tsari da harshen gida, suka kuma iya fitar da shi da na waje, kuma ba za a same su cikin masu kwafe ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi ƙaramin kaye, ka ware shi don wannan aiki kaɗai. Ɗiyata, in kin raka inna taron asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maradi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ki rubuta yadda suke yanke wa za a ba rance da abin da ake yi wa wadda ta kasa biya. Ɗana, in ka je kasuwar dabbobi, ka tsaya kusa da dillali ka ji yadda ake gina yarda tsakanin mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Ku tambayi yadda aka yi raƙuman dawa suka ɓace daga Gadabeji, gandun da aka keɓe tun 1955, har sai da aka ɗauko takwas daga Kure a mota a 2018 aka maido su. Kowane shafi ka sa ranar da ka ji da wanda ya faɗa maka, in ka samu wani ya faɗi saɓanin haka ka rubuta shi a ƙasa. Kafin Bak ta zo za ka tara misalai 30 ko 40 da babu su a salular kowa. Ku fara da tsofaffin gidanku, kuma ku fara a wannan hutun. Wanda yake saurayi mai shekara 20 lokacin farin 1973 ya haura 70 yanzu, kuma a unguwanni da yawa waɗanda suka rage daga cikinsu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba.